Kurket da Hausawa: daga Katsina zuwa Sinnar

Duk inda masu sha'awar wasan kurket suka zauna, gardamarsu ba ta wuce abu uku: fili, zaɓen 'yan wasa, da jifa. Wannan takarda za ta bi waɗannan abubuwa don amsa wata tambaya ta tarihi, wato me ya sa wasan da Ingilishi suka kai Indiya da Jamaika ya zauna daram, amma bai kama ƙasa ba a wurin Hausawa, ko na gida ko na Sudan.

Da farko ya kamata ɗalibi ya san yadda wasan yake. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, da sanduna uku a kafe a kowane ƙarshe. Mai jifa yana jefo ƙwallo ta daki ƙasa ta taso, mai bugu kuma yana kare sandunan da faffaɗan katako. Babbar karawa tsakanin ƙasashe ita ake kira Tes, takan kai kwana biyar. An yi ta farko a Melbon cikin Maris 1877, Ostireliya ta ci Ingila.

Tun da ƙwallo takan daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu, ƙasar kanta 'yar wasa ce. Idan tsirin yana da ɗanyar ciyawa, sai masu jifan gudu su ji daɗi. Idan ya bushe ya tsattsage, to ranar masu murza ƙwallo da yatsa ce. A Mancesta a 1956 Jim Laker shi kaɗai ya fitar da 'yan Ostireliya sau 19 cikin 20, su kuwa suka koma gida suna ƙorafin an gyara masa filin ne. A Kinstan ta Jamaika a Janairun 1998 an tsayar da wasan Tes ba a cika sa'a guda ba, saboda ƙwallo na tasowa yadda ta ga dama tana raunata mutane. Ta fuskar jifa kuwa, har yau ba a gama cacar baki ba kan rangadin 1932 zuwa 1933, lokacin da kyaftin ɗin Ingila Douglas Jardine ya sa Harold Larwood ya riƙa auna jikin masu bugu don ya karya lagon Don Bradman.

To, a ƙasar Hausa ta ƙofar makaranta kurket ya shigo. Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, kuma malamanta Turawa sun ɗauki wasa a matsayin rabin tarbiyya. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya buga kurket, ya kuma yi fice a ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wadda Turawa ke kira fayifs. Abin lura shi ne, ƙwallon bango ta rayu a Katsina da Sakkwato da wasu biranen Arewa, har ana gasar kofin Sardauna, alhali kurket ya maƙale a harabar 'yan makarantu kaɗan.

Bayanin da aka saba ji shi ne na fili: wai ƙasar Hausa rairayi ce da marmara, ga rani mai tsawo, ina za a sami ciyawa? Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, domin ƙwallon bango ba ta bukatar komai sai bango da ƙwallon tanis. Sai dai ba ta isa ba. Afirka ta Kudu ta shafe kusan shekara 40 tana wasannin Tes a kan tabarmar da ake shimfiɗawa bisa tsandauri, haka ma Pakistan a shekarun 1950. Wanda ke son wasa ba ya rasa inda zai yi shi.

Labarin Hausawan Sinnar ne ya fi rusa wannan hujja. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, suka zauna a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu kudu da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. Mahajjata masu tafiyar ƙasa suka yi ta ƙaruwa a kansu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun auduga na Jazira. (Kada ɗalibi ya rikita wannan Jazira da ta Alƙahira, inda Turawa suka kafa kulob ɗin wasanni tun 1882.) Ƙasar Jazira baƙar laka ce mai nauyi, mai darewa idan ta bushe, wato dangin lakar da ake nema don gina tsirin kurket a Indiya da Ostireliya. Ruwa kuma ga shi a magudanai rani da damina. Bugu da ƙari, jami'an mulkin Sudan daga jami'o'in Okusfod da Kambirij ake ɗebo su, kuma an san yadda ake fifita waɗanda suka yi suna a wasanni. Ga laka, ga ruwa, ga gwanaye, amma ba a sami kurket a ƙauyukan Hausawa ba.

Dalili yana ga abu na biyu, wato zaɓe. A Katsina Bature ya zaɓi 'ya'yan sarakuna da na manyan malamai ya koya musu wasansa, domin su ne za su riƙe masa ofis. A Jazira kuwa ya sadu da Bahaushe ne a bakin kunya, yana tsinkar auduga a kan lada. Wanda ya fita da asuba bai dawo ba sai la'asar, ina zai sami kwana biyar na tsayuwa a fili da fararen kaya? Su ma jama'ar Mai Wurno ba su nemi a zaɓe su ba. Mutanen da iyayensu suka bar gida da gona don gudun mulkin Nasara ba za su yi rububin kai 'ya'yansu makarantarsa ba. Allo suka riƙe. Saboda haka ƙofar da wasan ke shigowa ta cikinta a rufe take ta waje da ta ciki.

Ba a Sudan kaɗai zaɓe ya zama siyasa ba. A 1968 Basil D'Oliveira, haifaffen Kef Tawun wanda dokar wariyar launin fata ta hana shi buga wa ƙasarsa, ya ci wa Ingila maki 158 a kan Ostireliya, amma da aka fitar da sunayen masu zuwa Afirka ta Kudu babu nasa. Da surutu ya yi yawa, kuma wani ɗan wasa ya janye, aka sa shi. Firayim Minista John Vorster ya ce ba za a karɓe shi ba, aka soke tafiyar. Daga 1970 Afirka ta Kudu ba ta sake buga Tes ba sai 1992.

Wasan da ya shiga ƙauyukan Sinnar shi ne wanda ba ya tambayar ɗan wane ne kai, wato ƙwallon ƙafa, kuma gardamar matasa a can ta Hilal da Marik ce, manyan ƙungiyoyin Omdurman. A Hartum aka yi gasar cin kofin Afirka ta farko a Fabrairun 1957. Ƙasashe huɗu aka shirya za su buga, amma uku suka buga: Masar da Sudan da Habasha. An cire Afirka ta Kudu ne saboda ta ƙi turo tawagar da ta haɗa baƙi da fari, shekara 11 kafin rikicin D'Oliveira.