Anini Da Kwabo Mai Huji: Kafin Ki Sayar Da Gwangwanin Kaka

 Wata baiwar Allah daga Samaru ta aiko mini da saƙo, ta ce dillaliya ta shigo musu gida tana cigiyar tsohon kwabo mai huji, wai akwai masu saye a Sabon Gari. Ita kuwa tana da cikin gwangwani guda da kakarta ta bari. Tambayarta ita ce, ta sayar ko ta riƙe? To uwargida, gyara zama, don amsar tana cikin tarihin kuɗin kansa.

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Zazzau, kuma kalmar kuɗi da muke faɗa yau jam'in wuri ce. Wuri dubu ashirin shi ne keso guda, kaya ne na ƙato. Da Turawan Ingila suka kama ƙasa sai suka kawo nasu kuɗin na ƙarfe, suka fara buga anini da kwabo a 1907. Anini goma ne kwabo, kwabo sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. Kin ga ke nan anini 2,400 ne fam ɗaya. Rabin kwabo kuwa shi ake kira ɗari, sunan da ya gado daga lissafin wuri.

Mutane ba su karɓi wannan kuɗi don sha'awa ba. Haraji ne ya tilasta, don an koma karɓarsa da kuɗin Bature. Sai kuma jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. A gefen tashar nan Sabon Gari ta tashi, da leburorin reluwe da akawuna da kantunan Turawa masu sayen auduga da gyaɗa, kuma kowa da kuɗin ƙarfe ake biyansa. Da aka buɗe gonar binciken noma a Samaru a 1922, ma'aikatanta ma haka. Daga aljihunsu anini ya bi tallar fura da ƙosai ya shigo har cikin ɗakin matan kulle, ya faɗa asusu.

In kina da shi kusa, ɗauko ki duba. Gefe ɗaya tauraro ne mai tsini shida. Ɗaya gefen akwai kambin sarauta, da sunan Sarkin Ingila, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. Hujin tsakiya ya ba mutanen da suka saba shirya wuri a zare damar shirya shi haka nan. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko a duniya, amma bai jure ba, yana saurin zagwanyewa, sai aka koma farin ƙarfe a 1908. A 1952 aka sake komawa jan ƙarfe. Ni abin da ke burge ni shi ne yadda anini ya mutu a kasuwa amma ya ƙi mutuwa a baki. Har gobe in soja ko ɗan sanda ya sami ƙarin girma cewa muke an ƙara masa anini, matalauci kuwa mu ce ba shi da ko anini.

Yanzu ga labarin da masu yaudara suka fi so. A Janairun 1936 Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila, a Disamba ya sauka saboda ya nace sai ya auri wata bazawara 'yar Amurka, Wallis Simpson. Bai cika shekara ba, don haka a Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Amma a nan Afirka ta Yamma an saki anini da ɗari da kwabo masu sunansa, tunda kuɗi mai huji ba ya bukatar hoton fuska. In kika ji wannan sai ki ce ai wanda ya mallaki kwabon 1936 ya haye. Ina! Miliyoyi aka buga, kuma masu tara tsoffin kuɗi a duniya da 'yan daloli kaɗan suke sayensa.

To me ke sa kuɗi tsada a wurinsu? Ƙaranci ne, ba tsufa ba. Dubi abin da ya faru a Amurka. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna bukatar jan ƙarfe don kayan yaƙi, sai suka buga ƙaramin kuɗinsu na senti ɗaya da baƙin ƙarfe. Bisa kuskure 'yan ƙalilan suka fito da jan ƙarfe. Ɗaya daga cikin waɗannan aka sayar dala miliyan 1.7 a 2010. Irin wannan labari shi ke yawo a waya, a yanke masa kai da ƙafa, har ya iso mana a matsayin wai duk tsohon kwabo dukiya ne. Alhali 'yan'uwansa na baƙin ƙarfe, da aka buga a shekara ɗaya da shi, kusan banza suke.

Bayan ƙaranci sai lafiyar kuɗin. Wanda rubutunsa bai goge ba ya fi wanda ya sha hannu nesa ba kusa ba. A nan nake roƙonki, don Allah kada ki dirje shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli kamar tukunyar amarya. Gogewar nan rage masa daraja take yi. Masana kuma suna duba shekara, da wasu ƙananan haruffa, H ko KN, masu nuna masana'antar da ta buga shi a Birmingham, domin wata shekarar an buga kaɗan.

Amma ni a ganina, abin da ya fi dacewa ki sa wa ido a gwangwanin nan ba mai hujin ba ne. Nemi sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwa. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kusan tsantsa. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka riƙa ɓoye su, maƙera kuma suna narkarwa suna yin mundaye da zobba. Daga 1920 aka rage azurfar, sannan aka koma tagulla. Haka liyari, babban kuɗin nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya da tsofaffi ke ratayawa a wuya, shi ma azurfa ne. Sai dai kada 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ki. Shekarar rasuwarta ce, kuma da ita aka ci gaba da buga shi har zamaninmu. Darajarsa tana ga nauyin azurfarsa. Wanda ya ce zai saye gwangwanin duka a dunƙule, sau da yawa waɗannan yake hari.

Saura kuɗin baya-bayan nan. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da namu na kanmu, kwabo da ɗari masu huji, da taro mai kusurwa sha biyu da hoton auduga. Ran 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka shigo, fam ɗaya ya zama naira biyu, amma muka ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi. Waɗannan suna da yawa ƙwarai, ba su da wani farashi.

Don haka 'yar'uwata ta Samaru, zazzage gwangwanin a kan faifai. Sa yaro ɗan makaranta ya karanta miki shekarun, ki ware masu huji gefe, fararen sulalla gefe. Fararen, maigida ko wani ɗan'uwa amintacce ya kai wa maƙerin azurfa ya auna, kuma a tambayi fiye da mutum ɗaya. Duk wanda ya ce ki fara ba da kuɗin gwaji ko na rajista kafin a haɗa ki da wani Bature mai saye, ki sallame shi tun daga zaure. Masu hujin kuwa, in tayin da aka yi miki bai wuce kuɗin cefanen yini ba, ni da ni ce da na mayar da su gwangwani. Nawa na kakata guda bakwai ne, suna nan shirye a zaren da ta bar su.