Asalin Dambe

Dambe wasan mahauta ne tun fil azal. Haka muka tashi muka ji daga bakin manya, kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin rundawa a Wudil haka zai ji. Garin da ke cin kasuwar shanu kowace Juma'a, a cika kara maƙil, a loda manyan motoci zuwa Kudu, ba zai rasa mahauta ba. Inda mahauta suka taru ba a rasa kalangu. In kuwa kalangu ya yi kuka, sai ka ga saurayi ya zabura yana karkaɗa dantse. Saboda haka in ana neman inda za a tambayi asalin dambe, mu nan Wudil bakin kogi muna da bakin magana.

A zamanin da, sana'a gado ce, kuma kowace sana'a da kiɗanta da irin bajintar da 'ya'yanta ke nunawa a bainar jama'a. Maƙera suna wasa da wuta. 'Yan tauri suna gilma wuƙa a jiki ba ta kama su. Manoma suna da gangar noma da kokawa, Fulani suna da sharo. Mahauta kuwa Allah ya ba su biyu, hawan ƙaho da dambe. Dattawa sun ce ba banza abin ya faɗo a kansu ba. Yaron da aka haifa a gidan fawa tun yana ƙarami yake riƙe igiyar sa. Kafin gemu ya tsiro masa ya iya tarar bijimi mai huci, ya kama ƙaho, ya murɗe wuya, ya kai shi ƙasa. Ya saba da jini, ya saba da shuri, ya saba da ɗaukar cinyar sa a kafaɗa daga mayanka zuwa kasuwa. Hannun da ya tashi a wannan aiki, ina zai kai ƙarfinsa in aiki ya ƙare?

Lokacin wasan kuwa kaka ne. Da damina kowa na gona, kuɗi sun yi ƙaranci, nama sai jefi-jefi. Amma da an yi girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, sai gari ya waye da bukukuwa: aure, kalankuwa, naɗin sarauta. Kowane biki na son yanka, kowane yanka na son mahauci. Sai samarin fawa su ɗauki wuƙaƙensu da makaɗansu su shiga ƙauyuka, yau nan gobe can. Da rana su yi fiɗa su kafa tukuba. Da la'asar sakaliya, ko da dare in farin wata ya fito, sai a share fage a bakin kasuwa ko ƙofar gidan mai gari. Mahautan gari su tsaya gefe guda, baƙi su tsaya ɗaya gefen, 'yan mata su jeru da fitilunsu da tallansu. Makaɗi ya saki taken wane, wane ya fito yana kirari har jikinsa na tsuma. An ce sau da yawa a irin wannan fage saurayi ke samun matar aure, don babu budurwar da ba ta son a ce nata ne ya yi kisa.

A nan ne hikimar magabata take, kuma ita ce ta sa nake alfahari da wasan nan. Ka tuna kowane ɗaya daga cikin samarin nan da wuƙa a ƙugunsa, ga ƙuruciya, ga idon 'yan mata, ga kishin gari. Da an bar kowa da zuciyarsa da an yi ta binne mutane kowace kaka. Sai manya suka ce a ajiye ƙarfe, a fito da hannu. Hannun ma ɗaya za a ɗaure, a naɗe shi da ƙyalle a bi da zare tamau, shi ne na duka. Ɗayan a bar shi buɗe a miƙa gaba, shi ne na kariya. Mutum ɗaya ga mutum ɗaya, ba taron dangi. Turmi uku ake yi. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare, ba a bin sa da duka yana kwance. In turmi uku suka cika ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su, kowa ya koma wajen mutanensa da mutuncinsa. Wanda aka buge ya tashi ya karkaɗe ƙura, gobe su ci tuwo a akushi ɗaya da wanda ya buge shi.

Akwai masu cewa ba daga fawa dambe ya fito ba, daga yaƙi ne. Hujjarsu ita ce ana kiran hannun duka mashi, na kariya garkuwa, kuma tsayuwar ɗan dambe tsayuwar dakare ce. Sun ce kafin Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, da irin wannan wasa ake gane wanda zai iya tsayawa a gaban daga. Wani mai bincike Ba'amurke, Edward Powe, ya ƙara nisa da zancen, ya ce tsayuwar da ɗaurin hannu guda sun yi kama da zanen 'yan damben Masar ta zamanin Fir'aunoni. Ban raina ko ɗaya ba, don ƙasar da ake ba da labarin Barbushe na kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ba ta rasa ƙarfafa ba. Amma ni zancen mahauta ya fi kwanta mini. Da na mayaƙa ne, da tambari da kakaki za a yi masa, da kuma 'ya'yan sarakuna sun yi rububinsa kamar yadda suke rububin doki. Sai ga shi kiɗansa kalangu ne, kiɗan fawa, kuma masu sarauta kallo kawai suke zuwa.

Akwai ma shaida a rubuce. A shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya sauka a birnin Kano. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya aika da wuri 2,000 a zo a yi masa wasa. Ya rubuta cewa 'yan damben sun iso da makaɗa, mahautan gari duka na biye da su, aka watsa ƙura don jama'a su ja da baya a sami fage, kuma kowane ɗan wasa hannunsa na dama a naɗe yake. Ya ce da labari ya bazu, 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka bar kayansu, kowa ya sheƙo kallo. Shekara 200 ke nan, amma in ka karanta sai ka ce damben bara ake ba ka labari. Ya kuma ce shi da kansa ya hana a yi da gaske, don an gaya masa akan rasa rai.

Wannan gaskiya ce, ba kuwa za a ɓoye ta ba. An yi zamanin da wasu ke cusa ƙarfe a cikin ɗauri, wasu su barbaɗa garin kwalba a kan zare, wasu su ɗaura akayau a ƙafa su yi shuri da shi. Ga layu da kambuna da tsaga a dantse, abin da ya sa malamai da yawa suka ƙi wasan, har iyaye na hana 'ya'yansu zuwa fage. Amma su 'yan damben da shugabanninsu ne suka yi ta tsefe waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari sai an duba hannunka kafin ka shiga. Wasan da ke iya gyara kansa haka yana da tushe.

Ƙarnin da ya wuce shi ne ya fitar da sunayen da har yau ake ambato. Shago ya yi zamaninsa, Ɗandunawa ya yi, Ado Ɗan Kwaure ya riƙe wa Kano tuta. Mawaƙi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin Gandi ta ƙasar Sakkwato, shi ya ɗauki sunayen nan ya kai su inda ƙafar masu su ba ta taka ba, har wanda bai taɓa ganin fage ba ya san Shago ta rediyo. Daga nan aka sami ɓangarori uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma yaro ya riƙa ɗaukar sunan maigidansa, a ce Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Yau an kewaye fage, ana yankar tikiti a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano da gidan damben Dei-Dei a Abuja, ana sa mota da babur, ana kallo ta waya har ƙasashen waje. Wanda bai gaji fawa ba ma ya shigo. Ban ƙi ba, sai dai kaka ta fita daga cikin lissafi, kuma abin da ake yi don suna ya koma neman abinci.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne wata gardama da ake yi a Kanada da Amurka. Suna da wasan hoki da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara. A babbar gasarsu ta NHL, wadda aka kafa a 1917, 'yan wasa biyu kan jefar da sanduna da safar hannu su kama naushin juna ana tsakiyar wasa, alƙalai na tsaye. Tun 1922 hukuncin da aka saba yi shi ne a fitar da mutum na minti 5 ya dawo, alhali a gasar Olamfik korar sa ake yi daga wasan. Masu goyon baya sun ce tsoron naushi ne ke hana mugu cutar da gwanaye. Masu ƙi sun ce likitoci sun sami lalacewar ƙwaƙwalwa a wasu da suka yi suna da wannan faɗa.

Da za a kawo ƙarar nan gaban tsofaffin Sarakunan Fawa, na tabbata ba za ta kai la'asar ba. Wanda ya fito dambe ya san abin da ya fito yi. Ya shirya, an duba hannunsa, an haɗa shi da wanda ya yarda su kara, kuma faɗuwa ɗaya ta raba gardama. Wanda ya fito buga ƙwallo, ko a ƙanƙara ko a filin makarantar firamare a Wudil, ba wannan alkawari ya ɗauka ba. Naushin da zai kai na fushi ne, fushi kuwa bai san turmi uku ba. Ko a fagen dambe, ɗan wasan da ya bi wanda ya faɗi da duka, ko ya tare abokin karawarsa a hanya bayan an tashi, ya zubar da girmansa da na maigidansa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an tashi wasan ƙwallon unguwa da jifa, an bi alƙalin wasa da gora, ko yara sun zaro wuƙaƙe saboda bugun fanareti. Jikokin mutanen da suka raba saurayi da wuƙarsa tun kafin zuwan Turawa bai kamata su koma baya haka ba. Mai jin ƙarfi ya je ya sami maigida, ya koyi tsayuwa, a ɗaura masa zare, ya fito gaban jama'a a san da shi. Mai son ƙwallo ya buga ƙwallo, in an ci shi ya miƙa hannu a gaisa. Sarakunan dambe kuma su riƙe amanar da aka bar musu: a duba ɗauri, a kori mai shaye-shaye, a ajiye mai duba lafiya a bakin fage, kada a haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa don cika aljihun masu gida.