Za Ta Tsaya Ko Ba Za Ta Tsaya Ba?

A 1928 David Hilbert, jagoran masana lissafi na Jamus a zamaninsa, ya ajiye wata tambaya a littafin da suka wallafa tare da ɗalibinsa Wilhelm Ackermann. Shin akwai hanya guda, mai bin ƙa'ida daki-daki, da za a miƙa mata kowace magana ta lissafi ta faɗi ko ana iya tabbatar da ita? Hilbert ya sa rai akwai.

Bayan shekara takwas amsa ta fito daga wuri biyu, kuma duk a'a ce. Alonzo Church na Jami'ar Princeton a Amurka ne ya riga wallafawa. Amma hanyar da ta zauna a zukata ta Alan Turing ce, matashi ɗan shekara 23 a Cambridge ta Ingila, wanda ya ji tambayar a darasin Max Newman a 1935, ya miƙa takardarsa a watan Mayun 1936.

A lokacin babu kwamfuta irin wadda muka sani. Turing ya zana na'ura ce a zuci: dogon zirin takarda da aka raba gida-gida, da kai mai karanta alama ɗaya, ya rubuta wata, ya gusa hagu ko dama bisa jadawalin umarni. Sannan ya nuna cewa na'ura guda za ta iya kwaikwayon kowace irinta muddin an ba ta jadawalinta. Tushen kwamfutar yau ke nan.

Amsar a'ar da aka ba Hilbert ta rataya ne kan wata tambaya: shin ana iya sanin ko kowace manhaja, wato jadawalin umarnin na'ura, za ta tsaya ko ba za ta tsaya ba? A nan ne mutane da dama ke zamewa. Su kan ce, tunda kwaikwayo mai yiwuwa ne, a kunna manhajar mana a zuba ido, a ga ko za ta gama. To, rabin amsa kawai wannan ke bayarwa. Kamar mai jiran baƙo ne a tasha: in motar ta iso, magana ta ƙare, amma in magariba ta yi shiru, bai san ko baƙon na hanya ba ko bai ma taso ba. Manhajar da ba ta tsaya ba bayan taki miliyan, ƙila taki ɗaya ya rage mata, ƙila kuwa har abada ke nan.

Hujjar, a sigar da ake koyarwa yau, wadda ta yaɗu bayan littafin Martin Davis na 1958, gajeriya ce, kuma a ganina tana cikin mafi kyawun abin da lissafi ya haifar. A ɗauka akwai manhaja mai faɗin makomar kowace manhaja ba kuskure. Sai a rubuta ta biyu wadda za ta tambayi ta farkon game da ita kanta, sannan ta saɓa. In an ce za ta tsaya, ta yi ta zagaye ba iyaka. In an ce ba za ta tsaya ba, ta tsaya nan take. Ko ta ina ta farkon ta faɗi ba daidai ba, don haka babu ita. A lura, ba a ce babu manhajar da ake iya sanin makomarta ba. Hanya ɗaya tilo mai aiki a kan duka ce babu.

Wanda ke ganin haƙuri zai wadatar, ya dubi gasar da Tibor Radó ya ƙirƙiro a 1962: cikin ƙananan na'urorin Turing masu tsayawa, wacce ta fi daɗewa? A 1989 Heiner Marxen da Jürgen Buntrock sun gano wata mai yanayi biyar (wato sashe biyar a jadawalin umarninta) da alama biyu kacal, wadda ke yin taki 47,176,870 kafin ta tsaya. Da mai kallo ya gaji a miliyan arba'in, da ya yanke hukuncin ƙarya. Sai a 2024 wasu masu sha'awar lissafi da suka haɗu ta intanet suka tabbatar babu wadda ta fi ta a ajinta, kuma ba da zaman jira suka yi ba. Sauran na'urorin da suka ƙi tsayawa sai da aka kawo hujjar cewa ba za su taɓa tsayawa ba. Na masu yanayi shida kuwa, har yau ba a san amsarsu ba.