Lamunin Duniya a Zamanin Ƙunci

Mu da muka yi aikin malaman gona a tsohuwar Jihar Sakkwato, tun kafin a yanke Zamfara a 1996, mun shaida cewa bashin manyan hukumomin duniya hali biyu gare shi, na yalwa da na ƙunci.

A zamanin yalwa, lokacin da Bankin Duniya ya kafa shirin raya noma na Gusau a 1975, wanda daga baya aka faɗaɗa irinsa har ya game jihar baki ɗaya, ya kai ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, lamuni abu ne da ido yake gani: hanyar burji, da rijiyar burtsatse, da ɗakin ajiyar taki inda manomi daga ƙauye irin Tungar Daji zai ɗaure jakinsa ya jira rabonsa. Sai dai akwai ƙa'ida guda wadda ba kowa ya lura da nauyinta ba, wato wajibi ne gwamnati ta zuba nata kaso tare da na Bankin. Da farashin man fetur ya faɗi, har Shehu Shagari ya shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, baitulmali ya gaza sauke wannan wajibi, sai aiki ya yi sanyi daidai lokacin da talaka ya fi bukatarsa.

Daga nan mu'amala ta canza. Janar Babangida ya buɗe muhawara a 1985, jama'a suka ƙi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, alhali kuwa sharuɗɗansa ne suka shigo a 1986 da sunan gyaran tattalin arziki, Bankin Duniya kuma ya ba da kuɗin. Wannan karon ba don rijiya aka ranta ba, don sauya manufofi ne: aka karya darajar naira har dala ɗaya ta kai kusan naira 4 a 1987, aka kuma rushe hukumar sayen auduga, manomi ya koma hannun dillalai.

Ban musanta cewa akwai maslaha cikin wasu gyare-gyaren ba, domin hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna tauye haƙƙin manomi. Abin da nake inkari shi ne a ɗora wa mabukaci sharaɗi mafi tsanani a ranar larurarsa. Ko dala biliyan 2.25 da Bankin ya amince wa Nijeriya a Yunin 2024, bayan janye tallafin mai, a kan wannan tafarki ta zo, mafi yawanta ya shiga asusun Abuja domin toshe giɓin kasafi.