Farin Wata da Sunayensa: Nazari a kan Lissafin Wata da Taurari a Ƙasar Wasagu

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin dalilin da ya sa Hausawan ƙasar Wasagu, ɗaya daga cikin ƙasashe biyar na masarautar Zuru a Jihar Kebbi, suke kiran watanni da sunan ibada da biki, alhali kalandar manoman Amurka tana kiran kowace cikar wata da sunan yanayi. Hujjar maƙalar ita ce, an raba aiki a wannan ƙasa tun da daɗewa: wata na ibada ne, taurari kuwa na noma.

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, tun da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, ya zama al'ada a ga sanarwa duk tsakiyar wata cewa yau za a ga Watan Kyarkeci, ko Watan Ƙanƙara, ko Watan Girbi, har wasu ɗalibai suka ɗauka waɗannan sunaye ne na ilimin falaki da duniya ta yi ittifaƙi a kansu. Haƙiƙanin al'amarin kuwa, sunaye ne na wani yanki ƙwaya ɗaya, wato arewa maso gabashin Amurka, waɗanda aka tsinto wasunsu daga bakin ƙabilun asali na can, wasunsu kuma daga Turawan da suka yi ƙaura, sa'an nan kalandar manoma ta jihar Maine ta yaɗa su a shekarun 1930. Kafin haka wani matafiyi, Jonathan Carver, ya kawo irin wannan jeri a littafin tafiyarsa na 1778. Kowane suna yana nuni da abin da mutanen can ke gani a lokacin: kukan kyarkeci a Janairu, zubar dusar ƙanƙara a Fabrairu, nunar wani ɗan itace a Yuni, kamun wani babban kifi a Agusta. Mutumin Bena ko Ribah, a nan masarautar Zuru, bai taɓa ganin ko ɗaya cikin waɗannan a gonarsa ba.

Abin da hisabi ya hukunta

Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar akwai kwana 29 da sa'a 12 da minti 44 a matsakaici, saboda haka wata goma sha biyu suna ba da kwana 354, shekarar rana kuwa 365 ce da ɗan ɗoriya. Wannan giɓi na kusan kwana 11 shi ne asalin mas'alar duka. Al'ummar da take son watanninta su lizimci yanayi tilas ta riƙa cusa wata na goma sha uku lokaci-lokaci, kamar yadda Yahudawa suke ƙara wata 7 cikin kowace shekara 19. Shari'a kuwa ta tabbatar da adadin watanni goma sha biyu, ta kuma hana jinkirta wata da Larabawan jahiliyya suke yi, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba, aya ta 36 da ta 37. Sakamakon haka watan Musulunci yana kewaya shekara kaf cikin kimanin shekara 33, ta yadda dattijon da ya yi azumi cikin sanyin hunturu yana saurayi zai sake yinsa cikin marka, ya kuma yi shi cikin zafin bazara, kafin furfura ta gama rufe kansa. Watan da yake yawo haka ba ya karɓar sunan girbi, domin bana zai zo da kaka, bayan shekara goma sha shida ya zo da shuka.

Don haka ne Bahaushe, da ya tashi raɗa wa watanni suna da harshensa, ya dubi abin da ake yi a cikinsu: Muharram watan cika-ciki, Rabi'ul Awwal watan Mauludi ko watan Gani, Rajab watan azumin tsofaffi, sai watan azumi, da na ƙaramar salla, da na babbar salla.

Inda ma'anar farin wata take

Wanda ya lura da kwanakin waɗannan bukukuwa zai ga abin da ba a cika faɗa ba, wato mafi yawansu suna faɗawa ne a lokacin da wata ya yi ƙarfi yana dosar cika. Cika-ciki a tara da goma ga wata yake, Mauludi a daren sha biyu, daren Nisfu Sha'aban a sha biyar, layya a goma har zuwa kwanakin da ke biye, tashe kuma yara suna fara shi ne idan azumi ya kwana goma. Ba na da'awar cewa hasken wata ne ya sanya waɗannan ranaku, domin nassi da tarihi ne suka sanya mafi yawansu. Amma a garin da babu lantarki, haske shi ne ya ba su siffar da muka san su da ita, ya sa karatun Ishiriniya ya kai asuba, ya sa yara suka iya bin gida-gida da gwangwani da gemun auduga ba tare da fitila ba. Ƙaramar salla ce kaɗai ta fita daban, tun da ita da jinjirin wata take zuwa, bayan sanarwar Sarkin Musulmi.

A daren sha huɗu wata yana ɓullowa gabas daidai lokacin da rana take faɗuwa, ladan bai gama kiran magariba ba haske ya riga ya sauka a kan rumbuna, ya kuma kwana a sama har ketowar alfijir. A irin wannan dare 'yan mata suke cika dandali da gaɗa, samari su yi langa da kokawa, fatake su ɗaura wa jakuna kaya su kama hanyar kasuwa da sanyi. Daga sha shida sai ya fara makara, kowane dare da kimanin minti 50, kafin mako ya zagayo dandali ya watse tun bayan isha. Hasken cikar wata ne ya sa ake wa kyakkyawa kirari da farin wata sha kallo, kamar yadda mawaƙan madahu suke kamanta fuskar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da badaru, wato cikakken wata.

Malamai suna kiran ranakun 13 da 14 da 15 ayyamul bili, kuma hadisi ya kwaɗaitar da azumtarsu. Sai dai a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar nan, an karhanta a ƙuduri niyyar keɓe su da gangan, don gudun kada jahili ya ɗauka wajibi ne, kamar yadda Mukhtasar na Halilu ya nuna. Wannan taka-tsantsan yana bayyana halin malamanmu game da wata gaba ɗaya: a yi lissafi da shi, kada a jingina masa tasiri. Husufin wata ma, wanda ba ya aukuwa sai a daren cikarsa saboda a lokacin ne ƙasa take shiga tsakaninsa da rana, jama'a suna cewa rana ce ta kama wata, yara su fito da kiɗan kwanoni suna roƙon ta sake shi, malamai kuwa su umarci mutane da nafila da istigfari, suna tunatar da su cewa ba ya husufi don mutuwar wani ko haihuwarsa.

Lissafin manomi

Manomin Wasagu, wanda dawa ce ginshiƙin rumbunsa, bai rasa kalanda ba. Yana da manzilolin taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365 cif, kuma bakwai daga cikinsu na damina ne: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Wannan fanni tsoho ne a ƙasar Hausa, har ya fitar da irin su Muhammadu al-Katsinawi, mai littafin Durrul Manzum, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Wanda bai yi karatu ba kuma yana duban Kaza da 'Ya'yanta, da zuwan shamuwa, da juyawar iska. Maƙwabta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, bikinsu na Uhola yana bin kammala girbi ne, cikin hunturu.

Ko Watan Girbin da ake ta yayatawa, hikimarsa ta can ce. A ƙasashen arewa da suke nesa da tsakiyar duniya, cikar watan da ta fi kusa da 23 ga Satumba tana zuwa da wata siffa: jinkirin fitowarsa yana raguwa zuwa rabin sa'a ko ƙasa da haka, sai manomi ya sami darare a jere yana aiki da haskensa tun magariba. A Wasagu, wadda take wajen digiri 11 arewa, wannan ragi kaɗan ne ƙwarai, kuma a Satumba dawa ba ta ko nuna ba. Girbinta sai Nuwamba da Disamba, lokacin da hazo yake dusashe watan.

Fassara jerin Amurka zuwa Hausa a koyar da shi a makarantun Zuru, a ganina, ɓata tawada ne. Aikin da yake jiran ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ne su zauna da tsofaffin Wasagu da Bena da Waje, su rubuta sunayen watanni da taurari da alamomin shuka cikin Hausa da C'lela da sauran harsunan masarautar, kowane suna tare da garin da aka ji shi, tun masu riƙe da su suna raye.