Kokwambar bokiti: daga dajin Indiya zuwa bayan ɗakina

1/ Bara na shuka kokwamba a bokitin fenti, a bayan ɗakin da nake haya a Samaru. Cikin sati shida ta haye igiyar shanyar maƙwabta, ta kama tagar banɗaki. Hajiya mai gidan ta ce, “Ɗan nan, ko ka cire ta ko in sa a cire.” 'Ya'ya uku na samu, biyu ɗaci kamar maɗaci. Haushin abin ne ya sa na bi tarihinta. Ku biyo ni.

2/ Asalin kokwamba Indiya ne, can wajen gindin tsaunukan Himalaya. Kakarta ta daji tana nan har yau, masana na kiranta hardwickii. 'Yar ƙarama ce dunƙulalliya, cike da iri, ga ɗacin da ba ya haɗiyuwa. Mutane sun fi shekara 3,000 suna nomanta, kuma aikin farko da suka yi a kanta shi ne rage wannan ɗacin.

3/ Ɗacin nan wani sinadari ne, cucurbitacin, da shukar ke kare kanta da shi daga ƙwari da dabbobi. Manoman dā ba su san sunansa ba. Abin da suka sani shi ne, wadda ta fi daɗin ci, irinta ake ajiyewa. A 2014 masu bincike na ƙasar Sin suka nuna a mujallar Science cewa wannan zaɓen ne ya kashe ɗacin a cikin 'ya'yan, ya bar shi a ganye.

4/ Shuka ta a abin da ake iya ɗagawa ma tsohon labari ne. Pliny, marubucin Rum, ya ce Sarki Tiberiyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37 Miladiyya, kullum sai ya ci “cucumis”. Masu lambunsa sun shuka ta a akwatuna masu ƙafafun amalanke. Da rana su tura su cikin hantsi, lokacin sanyi su rufe su da wani dutse mai haske kamar gilashi.

5/ Sai dai ga inda na yi dariya. A 2007 wasu masana, ciki har da Jules Janick da Harry Paris, suka bi rubuce-rubuce da zane-zanen Rumawa, suka ce abin da sarkin yake ci ba kokwambarmu ba ce. Wani dogon nau'i ne na Cucumis melo, wato dangin gurji. Gurjin nan dai da muke dangwalawa da garin ƙuli. Ashe ɗan'uwansa ya shiga fada tun tuni.

6/ Kokwamba ta gaskiya daga baya ta isa Turai, ta hanya biyu: ɗaya ta ƙasa daga Farisa zuwa gabashin Turai, ɗaya ta ruwa zuwa Andalus wajen ƙarni na 9. Sunanta na Larabci, khiyar, aro ne daga Farisanci. Kolumbus ya kai ta Haiti a 1494. Ta gabas kuwa ta shiga Sin, wadda yanzu take noma kusan kashi 80 cikin 100 na kokwambar duniya.

7/ A Ingila ta ƙarni na 19 abin ya zama gasar masu kuɗi. George Stephenson, injiniyan jirgin ƙasa da ya rasu a 1848, ya riƙa zura 'ya'yan kokwambarsa a dogon bututun gilashi don su girma a miƙe sambal. Ku lura: an gyara ɗanɗano, an gyara siffa, amma yaɗon yana nan. Kurangar kokwamba ta yau da kullum tana kai mita biyu, har ta wuce.

8/ Ga mai gona, mita biyu ba komai ba ne. Ga mai tsakar gida taku huɗu, rigima ce, ku tambayi Hajiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa da yawa sun koma unguwannin gefen gari masu ƙananan filaye, wasu kuma benaye masu 'yar baranda. Masu gyaran iri suka ga akwai buƙatar shukar da za ta zauna inda aka ajiye ta.

9/ A nan sunan Henry Munger na Jami'ar Cornell ya shigo. Shi ya fitar da jerin irin Marketmore, wanda har a shagunan kayan noma na Najeriya za ka ji ana tambayarsa. A ƙarshen shekarun 1970 ya fitar da Spacemaster, mai kurangar da ba ta cika kai mita ɗaya ba, amma 'ya'yanta su kai kusan santimita 20.

10/ Dabarar tana gaɓa. A kokwamba mai yaɗo, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye doguwa ce. A gajeriyar, gaɓoɓin sun matsu, sai ganye da fure su taru a ɗan wuri. Halin gado ne da ke cikin irin. Duk yadda ka datse mai yaɗo, ba za ta koma gajeriya ba. Ni na datse tawa sau uku, tana ƙara tsirowa.

11/ A 1988 wata gajeriyar, Salad Bush, ta ci kyautar All-America Selections. Amma akwai bambanci da ya shafi aljihun ɗalibi. Salad Bush haɗin aure ce, irin da za ka ga an rubuta F1 a jikin fakitinsa. In ka ajiye irin 'ya'yanta, jikokin ba za su fito daidai da uwar ba. Spacemaster kuwa ana ajiye irinta, muddin ba ta yi barbara da wata kokwambar ba.

12/ Kuskurena biyu ne. Na farko, iri na saya a ƙulle cikin leda, babu suna, mai sayarwa ya ce “ai duk kokwamba ce”. Na biyu, na tafi gida hutun kwana huɗu, bokitin ya bushe ƙayau. Ƙishi da tsananin zafi suna iya tayar da ɗacin nan na kakarta. Aikin shekara 3,000 na kusa warwarewa a kwana huɗu.

13/ Bana na sake, bayan na roƙi Hajiya. Bokiti mai lita 20, na huda gindinsa. Ƙasa da ruɓaɓɓen takin dabbobi, ba ɗanye ba. Iri uku na gajeriyar, zurfin santimita biyu, kai tsaye a bokitin, don saiwarta ba ta son dashe. Suka tsiro cikin sati, na bar mafi ƙarfi. Rana aƙalla awa shida, ruwa kullum da safe.

14/ Wani abin da ban sani ba bara: furenta iri biyu ne. Na mace yana da 'yar mitsitsiyar kokwamba a gindinsa, na namiji babu. In zuma ba ta zuwa inda kake, tsinko na namiji da safe, ka cire masa kunnuwa, ka goga tsakiyarsa a na mace. Wajen kwana 60 na fara tsinka. Kada ka bari ta yi rawaya a jiki, sai uwar ta rage haihuwa.

15/ Ta farko Hajiya na kai wa. Ta yanka, ta ɗanɗana, ta ce, “To, wannan ta san zaman haya.” Ɗaya kawai na bari ta nuna sosai a ƙarshe, na wanke irin, na shanya a inuwa, na rubuta suna da kwanan wata a jikin ambulan. Wanda yake Samaru yana da bokiti ya yi magana, zan iya raba wa mutum biyar. Sharaɗi ɗaya: kai ma ka ajiye, ka rubuta sunan.