3.4 Hotunan Zane a Gidajen Tarihin Turai da Matsayinsu a Tarihin Ƙasar Gwandu

Duk mai binciken tarihin Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda ke ƙarƙashin masarautar Gwandu, zai tarar cewa madogararsa ita ce rubuce-rubucen malamai da tarihin baka. Ba a san wani hoto na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da aka zana a zamanin rayuwarsa ba, haka kuma Buhari ɗan Abdussalami wanda ya kafa Jega. Hotunan da ake bugawa a kalanda da sunan shugabannin jihadi ƙage ne na masu zane na baya-bayan nan, saboda haka ba za su zama hujja ba.

A Turai al'amarin ya sha bamban. Can coci da fada ne suka raini sana'ar zane, sannan daga baya aka tara ayyukan a gidajen tarihi. Wannan ne ya sa fuskokin baƙin da suka shigo ƙasashen nan suka wanzu, na masu masaukinsu kuwa galibi babu. Misali, gidan National Portrait Gallery na Landan yana da hoton Dixon Denham, abokin tafiyar Clapperton zuwa Barno, wanda Thomas Phillips ya zana a 1826. Shi kuwa Barth, da ya iso Gwandu a 1853, Sarki Halilu bai ma yarda sun gana ba. Hotunan littafinsa kuma wani Bajamushe mai suna Bernatz ne ya ƙawata su daga zanen da Barth ya kai gida.

Hoton da ya fi kusa da wannan bincike shi ne na Ayuba Sulaiman Diallo, Bafillace daga Bundu ta ƙasar Senegal ta yau. An kama shi a 1731 aka sayar da shi bawa a Maryland ta Amurka, sannan ya sami 'yanci a Ingila, inda William Hoare ya zana shi a 1733. Thomas Bluett, wanda ya rubuta labarinsa a 1734, ya nuna cewa da farko Ayuba ya ƙi yarda, sai da aka tabbatar masa cewa don tunawa da shi kawai ake so. Wannan ɗari-ɗarin kuwa sananne ne ga malamai, domin gudun abin da zai kai ga bautar sura. Da ya amince, sai ya nemi a zana shi cikin tufafin ƙasarsu, farar riga da rawani, ga littafi rataye a wuyansa. Abin lura a nan shi ne, tufafin ba su gaban mai zanen. Ayuba ne ya siffanta masa su da baki. Ke nan ko wannan hoto ma, wani ɓangarensa ruwaya ce, kuma wajibi ne a auna shi kamar yadda ake auna tarihin baka.

Hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ta sayi hoton a 2009, gwamnatin Birtaniya ta dakatar da fitar da shi, daga bisani aka daidaita a kan ba da aronsa ga gidan na Landan a 2011.